Yadda Ake Tara Gungumen Itace Ya Zama Mafakar Ƙananan Halittu a Sakkwato

A ƙasashen Turai ana tara gungumen itace a lambu don bushiya ta sami wurin fakewa daga sanyi. A Sakkwato abin da ƙananan halittu ke gudu shi ne zafin bazara, lokacin da ake haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Bushiya da kulɓa da kwaɗo inuwa suke nema da ɗan danshi. Saboda haka tarin da za a yi a nan dole rabinsa ya shige ƙasa.

Wuri shi ne abu na farko. A zaɓi gindin bishiya mai inuwa a gefen filin makaranta ko lambun unguwa, nesa da gini da aƙalla taku 30, domin gara za ta zo. Kada a yi a kwari inda ruwa ke kwanciya da damina, kada kuma a yi inda yara ke wasa. A nemi izinin mai wurin, a sanar da maigadi da mai unguwa.

Mutum huɗu sun isa, da diga, shebur, adda, baro da safar hannu mai kauri. Ana bukatar gungume 12 zuwa 15 masu kaurin cinya, tsawon mita 1, da turaku 4, baro ɗaya na tsakuwa, buhu 2 na busasshen ganye, da fasasshen tulu. Ba a sare bishiya mai rai don wannan aiki. Iskar farkon damina tana karya rassa da yawa, su za a tattara, shi ya sa Yuni ya fi dacewa. Mangwaro da gawo suna saurin ruɓewa, su ake so a ciki. Dogon yaro ƙwari ba su cika cinsa ba, sai a yi turaku da shi. Katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa baƙin mai guba ne, a bar shi.

A haƙa rami mai tsawon mita 1 da rabi, faɗin mita 1, zurfin santimita 40, a shimfiɗa tsakuwa kamar kaurin tafin hannu don kada ruwa ya tsaya. A kwantar da manyan gungumen a ƙasa da ɓawonsu, a bar tazarar yatsu uku tsakaninsu. A tsakiya a kifa fasasshen tulun, a cusa masa ganye. Jeri na biyu ya gitta na farko, haka har tarin ya kai gwiwa. A bar ƙofa ɗaya mai faɗin santimita 13 tana kallon kudu, tunda hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. A kafa turakun a kusurwa huɗu, a ɗaure da waya, a mayar da ƙasar da aka haƙo a bisa da gefe uku, sannan a zuba ruwa jarka 2.

Abin da ya fi kashe wannan aiki a garinmu shi ne neman itacen girki, kuma ba abin zargi ba ne ga mai bukata. Tarin da aka bari a fili ba ya kwana uku. Wanda aka rufe da ƙasa, itacensa ya jiƙe ya fara rududdugewa, ba wanda ke wahalar tono shi, don hayaƙi kawai zai yi a murhu. Sai wuta: masu shara suna ƙone ganye da hunturu, don haka a nome ciyawa mita 2 kewaye da tarin tun watan Nuwamba.

Idan an ɗaga ɓawo aka ga gari busasshe ba ƙwaro ko ɗaya, tarin ya bushe. Jarka ɗaya a mako, da yamma, daga Maris zuwa saukar ruwa tana gyara shi. Gara kuwa kada a fesa mata magani. Ita ke narkar da itacen, ita ce kuma abincin kwaɗo da ƙadangare. Duk shekara a ƙara gungume 3 ko 4 a sama, ba tare da taɓa na ƙasa ba.

Kunama na iya shiga, haka ma maciji, har da kububuwa. Kada kowa ya zura hannu a rami, a juya itace da sanda, da takalmi a ƙafa. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan take, ba ɗauri ba tsaga.