Yadda ake sa kwamfuta ta nemo gajeriyar hanya a wasan tura lambobi

A Kasuwar Wadata na saya wa ɗan ƙanwata abin wasan nan na roba, dala ɗari. Gida 16 ne, ƙwayoyi 15 masu lamba, gida guda babu kowa, ana turawa har lambobin su jeru. Kwana biyu yaron ya gaji, ya ajiye mini shi a kan tabarma. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a nan Yamai, sai abin ya tsaya mini a rai. Ba warwarewa kawai nake so ba, hanyar da ta fi kowace gajarta nake nema, da manhajar da ba za ta wuce shafi ɗaya ba.

Ka fara da ƙaramin, mai gida 9 da ƙwayoyi 8. Yanayin da za a iya kaiwa a cikinsa 181,440 ne kacal, wanda ya fi wuya ma turi 31 yake ci. Nan ba sai da dabara ba. Ka sa yanayin farko a layin jira, ka ciro shi, ka tura gidan da babu kowa sama, ƙasa, hagu, dama, duk sabon yanayin da ya fito ka kai shi bayan layi, ka rubuta shi a kundin waɗanda aka riga aka gani. Kamar ka jefa dutse a tabki ne, zobe bayan zobe. Tunda sai an gama duk masu turi biyar kafin a taɓa masu shida, amsar da ta fara fitowa ita ce mafi gajarta. Da Python, harshen rubuta manhaja, layi ashirin ya ishe ka.

Da wannan ya yi mini aiki sai kaina ya kumbura, na ɗora shi kan mai 15. Tsohuwar kwamfutata ta yi ta huci cikin zafin Afrilu, fankarta na kuka kamar injin niƙa, can ta sandare, ko kibiyar allo ba ta motsi. Laifina ne. Yanayin mai 15 sun haura tiriliyan 10, mafi nisa turi 80 ne, ni kuma na ce ta riƙe duk wanda ta gani. Ina za ta zuba su?

Gyaran farko, ka rage wa allon nauyi. Daga 0 zuwa 15 kowace lamba bit 4 take ci (bit gurbi ne da ke riƙe 0 ko 1 a kwamfuta), gida 16 sau 4 ya ba da 64, ke nan allon gaba ɗaya ya shiga lamba guda mai bit 64. Kwatanta allo biyu ya zama kwatanta lamba biyu.

Gyara na biyu shi ne gishirin miyar: ka daina ajiya, ka koyi kintace. Ga kowace ƙwaya ka ƙirga gida nawa ne tsakaninta da mazauninta, a tsaye da a kwance, ka tara duka, ban da gidan da babu kowa. Ana kiran wannan tazarar Manhattan. Kyawunta shi ne ba ta taɓa zarce gaskiya, don turi ɗaya ƙwaya ɗaya yake matsarwa gida ɗaya. Sai ka sa iyaka daidai da wannan jimlar, ka bi hanya ɗaya ka nutsa. Da zarar turin da ka yi, haɗe da kintacen abin da ya rage, ya wuce iyaka, ka juyo ka gwada wata. In hanyoyi sun ƙare ba amsa, ka ɗaga iyakar da 2 ka sake daga farko. Wannan ita ce IDA*, Richard Korf ya fito da ita a 1985, kuma ba abin da take riƙewa sai hanyar da take kai. Maimaicin ya so ya ba ni haushi da fari, amma zagayen ƙarshe ne ke cin yawancin lokacin, na baya ba su taka kara sun karya ba.

Ƙananan abubuwa biyu suna ƙara gudu sosai. Kada ka mayar da ƙwayar da ka tura yanzu-yanzu. Kada kuma ka sake tara tazarar duka bayan kowane turi. Ƙwaya ɗaya ta motsa, jimlar ta ƙaru da 1 ko ta ragu da 1, shi ke nan. In allon mai wuya ne ka koma harshen C, Python zai sa ka sha shayi har zagaye na uku ba labari.

Abin da ya kamata in fara da shi ne na bari ƙarshe, don haka ya same ni. Na shigar da allon yaron, manhaja ta kwana tana ɗaga iyaka. Ashe rabin jeren da ake iya yi ba su warwaruwa sam, masana lissafi Johnson da Story sun tabbatar da haka tun 1879. Shi ya sa Sam Loyd na Amurka ya sa kyautar dala 1,000, dalarsu ba tamu ta sefa ba, ga wanda ya gyara allon da aka musanya 14 da 15, ba wanda ya ci. Gwajin layi uku ne: ka karanta lambobin daga sama, hagu zuwa dama, ka ƙirga sau nawa babba ta riga ƙarama, ka ƙara lambar layin da gidan da babu kowa yake, kana ƙirgawa daga sama da 1. In jimlar ta rabu biyu ba saura, akwai hanya. Tawa ba ta rabu ba.

Na kira yaron na ce, "Kai, me ka yi wa abin nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, da cokali na ɓanɓare su na mayar."