Haƙoran roba da ciwon sukari: kurakuran da ke sa ciwon baki ya ƙi tafiya

Innata da ke Tawa ta yi shekara huɗu da haƙoran roba, kuma in banda ni da babbar ɗiyarta ba wanda ya taɓa ganin ta cire su. Da su take kwana. Ranar da lokotoro ya sa ta cire na sama, ganɗarta ta yi ja jawur, jan ya bi shatin haƙoran daidai kamar an zana da alƙalami. Ta ce: "Ai ba ya ciwo, ɗana, zafi ne kawai." Ba zafi ba ne. Wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, ana ce mata Kandida. Tana zaune a bakin mutane da yawa ba ta cutar da su, sai ta samu ɗumi da danshi da zaƙi take yaɗuwa. Mai ciwon sukari kuwa, in sukarinsa ya hau har cikin yawu yake fitowa, ga bakin yana yawan bushewa.

Babban kuskure shi ne wannan kwana da haƙoran. Na san kunya ce ke jawo shi, musamman ga mata, ba a son miji ko jikoki su ga baki wayam. Amma naman ganɗa na bukatar ya sha iska, yawu ya wanke shi. A cire su kowane dare, a sa a kofi mai murfi in ana son sutura, a ajiye inda ido ba ya kaiwa.

Sai wanki. Wasu kurkurewa kawai suke yi lokacin alwala, wasu kuma su dirje da toka ko gawayi ko man goge baki. Dirjewar nan tana kankare robar, ta bar ƴan ramukan da ido ba ya gani, nan ƙwayar take gina gidanta. Buroshi mai laushi da sabulu sun wadatar, a fi maida hankali ga cikin da ke manne da ganɗa. Kada a zuba musu tafasasshen ruwa, lanƙwashewa suke yi. In ciwon ya riga ya kama, a tambayi mai aikin haƙori ruwan da za a jiƙa su ciki, kamar kuloreksidin. Ruwan jabel da aka sirka sosai ma yana yi, amma ban da haƙora masu ƙarfe, yana cin ƙarfen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwa wurin masu tallar magani a sayo kafso. Kafso irin amoksisilin ba ya taɓa Kandida, hasali ma yana kashe ƙwayoyin da ke tare mata hanya, sai ta ƙara samun fili.  Maganinta na gaskiya su ne irin su nistatin da mikonazol da fulukonazol, kuma a bar lokotoro ya rubuta, a gaya masa duk abin da ake sha. Mai shan gilibenkilamid, ƙwayar maganin ciwon sukari, in ya haɗa da mikonazol ko fulukonazol, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ya kama rawar jiki da zufa har ya suma. Kafin a sa magani a cire haƙoran, kuma a cika kwanakin da aka ce ko da jan ya baje.

Akwai masu gama magani lafiya lau, bayan wata guda ciwo ya dawo, su ce maganin ne ba ya aiki. A auna sukari tukuna. Wanda ke shan shayi kofi uku da sukari cike da hannu kowace yamma, sannan ya tsotsi alawa saboda bushewar baki da hunturu, ba maganin da zai riƙe shi. Kurɓar ruwa a kai a kai ta fi alawar.

Haƙoran da suka tsufa suna girgiɗi ma suna gurje nama, gefen baki ya riƙa tsagewa. A kai su a gyara ko a sake. In kuma akwai gyambon da ya wuce sati 2 bai warke ba, ko farin tabon da ba ya goguwa, ko abinci ya fara wuyar haɗiya, a tafi asibiti ranar, babban asibitin Tawa ko na Yamai.