Yadda ake zaman ho'oponopono, sulhun iyali na mutanen Hawai

Ma'anar kalmar ita ce daidaita abin da ya karkace. Tun kaka da kakanni mutanen tsibiran Hawai da ke tekun Pasifik sun yi imani cewa gabar cikin gida kan kwantar da mutum ciwo, shi ya sa suke wannan zama.

1. A tara duk wanda abin ya shafa, a ba dattijo ɗaya ragama. Haku ake ce masa. Mai magana shi zai fuskanta, ba abokin saɓaninsa ba.

2. A buɗe da addu'a, a faɗi matsalar ƙarara.

3. A shiga mahiki, wato ɓare matsalar kamar albasa, ɓawo bayan ɓawo. Nan ne haƙuri yake aiki. Misali, za a iya farawa da rigimar gona, sai a tarar ƙarƙashinta akwai wata kalma da aka faɗa shekara goma da suka wuce. Kada a tsallake. A gama da ɓawo ɗaya kafin a taɓa na gaba, ko da zaman zai ci kwanaki. A ganina gaggawa a wannan mataki ita ke rusa komai.

4. In rai ya ɓaci, haku ya kira ho'omalu: kowa ya yi shiru har zuciya ta huce, sannan a ci gaba.

5. Mai laifi ya amsa laifinsa ya nemi gafara, in akwai abin biya ya biya. Wanda aka ɓata wa ya yafe, su saki juna. Maganar ta mutu ke nan, ba a sake tono ta.

6. A rufe da addu'a, a ci abinci tare. A da, cikin abincin har da ciyawar teku mai suna limu kala.