Kafur a bakin Japanawa: inda masu koyo suke tuntuɓe

Mu da kalma ɗaya muke aiki, kafur, wadda muka aro daga Larabci. Japanawa kuwa sun raba abin gida-gida, kuma nan ne mai koyon Japananci yake fara kuskure. Itacen sunansa kusunoki (クスノキ), ko kusu a taƙaice. Farin ƙullutun da ake samu bayan an turara ɓawonsa da gutsattsarin katakonsa shi ne shōnō (樟脳). Kada ka ce ka sa kusunoki cikin akwatin tufafi, wannan itace ne sukutum. Wani kusunoki da ke Kamō a lardin Kagoshima kewayen gindinsa ya haura mita 24.

Sai furuci. Wasulan shōnō duka biyu dogaye ne, a ja su. Bahaushe da ya san bambancin gari na zama da garin tuwo bai kamata wannan ya kayar da shi ba. Amma a kula, shōnō da aka rubuta 小脳 ɓangaren ƙwaƙwalwa ne na wajen ƙeya. Furucin ɗaya ne, rubutu ne ke raba gardama.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na haruffa. A Japan ana rubuta kusunoki da 楠 ko 樟, duka daidai ne, kuma 楠 ake gani a sunayen mutane, kamar jarumi Kusunoki Masashige da ya rasu a 1336. Mai karatun Sinanci sai ya ɗauka haka abin yake a can ma. A'a. A Sin 樟 ne itacen kafur, 楠 wani itacen katako ne daban. Shi ya sa ba a rubuta shōnō da 楠.

Akwai kuma kanfuru, da suka aro daga mutanen Holan. A da allurar farfaɗo da zuciya ce. Yau in jarida ta ce kanfuru-zai, tana nufin matakin gaggawa na farfaɗo da tattalin arziki, kada ka fassara shi da maganin ƙwari.

Fararen ƙwallayen da muke kira kafur a kasuwa, yawancinsu naftalin ne, nafutarin a Japananci. Ba shōnō ba ne, kuma masu ajiyar kimono, tufafin gargajiya na Japan, sun san ba a haɗa su akwati ɗaya, don sukan narke su ɓata yadi.