Neman asalin kakan da ya bar Ailan: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Tsakanin 1845 da 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin turawa a Ailan, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke biye da ita, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar. An fara ƙaurar tun kafin yunwar, an kuma ci gaba da ita shekaru da dama bayanta. Jikokin waɗannan mutane suna nan a Amurka, Kanada, Ingila, Ostareliya har da Ajantina, kuma da yawansu suna son sanin ƙauyen da aka binne cibiyar kakansu. Takardun suna nan, yawancinsu kyauta a intanet. Abin da ke ɓata wa mutane shekaru shi ne yadda suke tunkarar su.

Babban kuskure shi ne fara bincike daga Ailan ɗin kanta. Mutum ya ji a gida cewa kakan kakansa Patrick Murphy ne daga gundumar Cork, sai ya buɗe rajistocin Ailan yana nema. To, Murphy shi ne sunan dangi mafi yawa a ƙasar, kuma a Cork ya fi yawa. Zai ga masu wannan suna rututu, ya zaɓi wanda shekarunsa suka yi kusa, ya ɗora asalin gidansu a kan baƙo. An tsara tsofaffin takardun Ailan ne bisa wuri, kuma mafi ƙanƙantar yanki shi ne wanda suke kira townland, wani ɗan fili mai gonaki da 'yan gidaje. Akwai irinsu fiye da 60,000. Wanda bai san wannan yanki ba, ko aƙalla yankin cocin da ya ƙunshe shi, bai isa ya ce ya gano mutuminsa ba.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sunan ƙauyen yawanci yana ɓoye ne a ƙasar da mutumin ya je ya zauna, don haka a can ake farawa, daga mutuwarsa a komo baya. A duba rubutun kan kabari, sanarwar rasuwa a jarida, rajistar aure ta coci, takardar zama ɗan ƙasa, da fayil ɗin fanshon soja idan ya yi yaƙin basasar Amurka. A New York akwai littattafan bankin ajiya na Emigrant, wanda aka buɗe a 1850. Don tantance mai ajiya, ma'aikatan sukan rubuta garinsu, jirgin da ya kawo shi, shekarar zuwansa da sunayen iyayensa. Jaridar Boston Pilot kuwa ta yi ta buga cigiya daga 1831 zuwa 1921, inda uwa ke neman ɗanta, ƙane ke neman yayansa, kuma sau da yawa a ambaci ƙauyen da suka fito. Masu kaka a Ostareliya sun fi kowa sa'a, domin takardar mutuwa a Victoria da New South Wales tana ɗauke da sunayen iyaye da wurin haihuwa. A Sikotlan ma, yawancin takardun haihuwa daga 1855 suna faɗin inda aka ɗaura auren iyayen.

Idan takardun kakan sun ce "Ailan" kawai suka yi shiru, kada a tsaya a kansa shi kaɗai. Wannan ma kuskure ne da ake yawan yi. Mutanen nan ba ɗai-ɗai suke tafiya ba: wa ya je ya yi aiki ya aiko wa ƙanwarsa kuɗin jirgi, ita kuma ta aiko wa ɗan baffansu. A bi 'yan'uwansa, shaidun aurensa, waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa ranar baftisma, da maƙwabtan da ke layi ɗaya da shi a ƙidayar jama'a. Sau da yawa kabarin ƙanwa ne ke faɗin abin da na yayan bai faɗa ba.

Sai batun jirgi, wanda mutane ke ɗora wa buri fiye da kima. Tsibirin Ellis, inda ake tantance masu ƙaura a New York, bai fara karɓar baƙi ba sai ranar 1 ga Janairu 1892, kuma ta farko da aka rubuta yarinya ce daga Cork mai suna Annie Moore. Duk wanda ya gudo daga yunwa ya riga wannan da shekara arba'in, saboda haka neman sa a can ɓata lokaci ne. Jerin fasinjojin wancan zamani ba ya wuce suna, shekaru, sana'a da ƙasa. Mutane da yawa ma ta Kanada suka bi saboda kuɗin jirgin ya fi sauƙi, aka killace su a tsibirin Grosse Île kusa da Quebec, inda aka binne fiye da mutum 5,000 a 1847, waɗanda suka tsira kuma da dama suka tsallaka Amurka ta ƙasa. A kuma lura, "daga Cork" na iya nufin tashar jirgin Queenstown kawai, wadda yanzu ake kira Cobh. Wanda ya tsallaka Liverpool kuwa bai bar wata takarda ba, domin a lokacin Ailan da Birtaniya ƙasa ɗaya ce.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na masu cewa komai ya ƙone. Gaskiya ne, ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasar Ailan, wuta ta cinye ma'adanar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin. An yi asarar kusan dukkan ƙidayar 1821 zuwa 1851, da wasiyyoyi, da rajistocin cocin Angilikan masu yawa. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce ta lalata su tun kafin gobarar. Amma rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ba a ginin take ba. An fara ta ga kowa a 1864, auren waɗanda ba Katolika ba kuma tun 1845, kuma ana duba ta kyauta a IrishGenealogy.ie. Rajistocin cocin Katolika suna hannun limaman coci-coci, wutar ba ta taɓa su ba, kuma a 2015 Laburaren Ƙasa na Ailan ya saka hotunansu a intanet, har zuwa wajen 1880. Ƙidayar 1901 da ta 1911 duk suna nan. Ko kakan ya tafi tun 1870, iyayensa ko ƙannensa na iya fitowa a ciki.

Da an samu sunan wuri, a yi hattara da iyakoki. Yankin coci na gwamnati daban, na Katolika daban, ko da sunansu ɗaya ne. Sunayen wasu gundumomi ma sun canza: Queen's County ita ce Laois ta yau, King's County kuma Offaly. Idan wurin yana cikin gundumomi shida na Ailan ta Arewa, a leƙa ma'adanar PRONI a Belfast.

Sunaye su ma suna da nasu tarkon. Mai rubutu yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, kuma da yawa daga masu ƙaurar ba su iya karatu ba, wasu ma harshen Irish kaɗai suke ji. O' da Mc suna faɗuwa suna dawowa, sai ka ga Sullivan a wannan takarda, O'Sullivan a waccan. Limamai da yawa da Latin suke rubutu: James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus. Bridget na iya fitowa a matsayin Delia ko Biddy, Jeremiah a matsayin Darby, Owen a matsayin Eugene. Kamar yadda ake yi wa kaka takwara a ƙasar Hausa har gida ɗaya ya cika da masu suna ɗaya, haka su ma: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa. Wannan al'ada tana ba da haske, amma ita ce kuma ke sa a samu 'ya'yan wa da ƙane masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya. Maganar cewa jami'an Ellis ne suka canza wa mutane suna ba ta da tushe, domin tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta jerin.

Shekarun haihuwa kuwa, a ba su rata ta biyar gaba da baya. Mutane da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. Akan ga an yi wa jariri baftisma kafin ranar da gwamnati ta ce an haife shi, saboda iyaye sun makara wajen rajista sun matso da ranar don gudun tara. Bayan dokar fansho ta 1908, wadda ta shafi 'yan shekara 70, tsofaffi da yawa sun ƙara fiye da shekara goma tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911. Wannan doka ta bar mana alheri: don tabbatar da shekarun masu nema an riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851, kuma takardun wannan dubawa sun tsira daga gobara.

Akwai kuma masu ganin sunan danginsu a kundin Griffith, wanda aka tattara daga 1847 zuwa 1864 don harajin gidaje da gonaki, su ce shi ke nan. Kundin mai riƙe da gida ko fili kaɗai yake ambata, babu mata, babu 'ya'ya, babu shekaru. Yana nuna inda dangi suke da yawa, amma sai rajistar coci ta haɗa uba da ɗa. Haka nan jerin asalin da wasu suka ɗora a shafukan binciken asali irin su Ancestry ko FamilySearch: kuskure ɗaya mutum ɗari za su kwafa, yawansu kuma ba hujja ba ne. A buɗe hoton takardar ta asali a karanta da ido, a rubuta inda aka samo ta, kuma kada a haɗa mutumin Boston da na gundumar Kerry ta Ailan sai sunan uba, sunan gidan uwa da sunan wuri sun dace a ɓangarorin biyu.