Yadda za ka bi sawun jirgin dakon kaya da aka tafi da shi yaƙi

Jiragen da nake magana a kansu su ne na dako a kogin Thames na Ingila, masu tafiya da iska, masu shimfiɗaɗɗen ciki. Su ne tireloli na wancan zamani: alkama, siminti, bulo, ciyawar dawaki, duk su ke kai wa Landan, kuma mutum biyu kacal ke tuƙa ɗaya. Da sojojin Birtaniya da na Faransa suka maƙale a gaɓar Dunkirk ta arewacin Faransa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka tuna da su, domin suna iya matsawa har bakin yashi, inda babban jirgin yaƙi ba ya kusanta. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni an kwashe soja sama da 338,000. Idan kana son sanin ainihin abin da ɗaya daga cikinsu ya yi, ga yadda nake bi.

Fara da lamba, kada ka fara da suna. Jirage da yawa kan yi tarayya a suna ɗaya, kuma sabon mai jirgi yakan sauya masa suna. Amma duk jirgin kasuwanci da aka yi wa rajista a Birtaniya yana da lambar hukuma da ba ta canzawa, ana ma sassaƙa ta a jikin babban ginshiƙin cikinsa. Shiga shafin Crew List Index Project a intanet, sa sunan, za ka ga jirage masu sunan da lambobinsu. Sai ka tace da shekarar ƙira da garin da aka ƙera shi. Kada ka ɓata lokaci a kundin Lloyd's Register, domin ya fi kula da jirage masu tan 100 zuwa sama, yawancin waɗannan kuwa ba su kai ba. Mercantile Navy List, kundin jiragen kasuwanci masu rajistar Birtaniya, shi ne gidansu.

Da lambar a hannu, sai ka nufi ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan. Takardun ma'aikatan jiragen kasuwanci na 1939 zuwa 1946 suna rukunin BT 381, kuma da lamba aka jera su. Rahotannin yaƙi na rundunar ruwa suna ADM 199.

A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka tsaya ka tambayi kanka: wane irin aiki jirgin ya yi wa gwamnati? Haya aka ɗauke shi, ko ƙwace shi aka yi na ɗan lokaci, ko kuwa an mai da shi na soja gaba ɗaya? Dubi Greta, wadda aka ƙera a Brightlingsea a 1892. Hayarta aka yi tana dakon harsasai daga rumbun Upnor zuwa jiragen yaƙi a bakin kogi, sannan ta je Dunkirk. Ita ba ta bar hannun farar hula ba, saboda haka a takardun 'yan kasuwa za ka fi samunta. Kwale-kwalen ƙarfe marasa inji da aka tara don saukar da sojojin ƙawance a gaɓar Normandy ta Faransa a 1944 kuwa wani labari ne daban. An sa musu injuna, an ba su haruffa da lamba, wasu na ɗaukar motoci, wasu mai, wasu ruwan sha, wasu ma kicin ne sukutum, kamar LBK 6. Irin waɗannan sai ka nemo takardar da ta haɗa tsohon sunan da sabuwar lambar, in ba haka ba za ka ɗauka jirage biyu ne.

Wanda na fi so in koyar da shi shi ne Pudge, ƙirar Rochester ta 1922. Jirgin ja, wato mai jan wasu jirage, mai suna St Fagan ne ya jawo ta tare da 'yan uwanta jiragen dako Doris da Lady Rosebery zuwa Dunkirk. Cikin daren da ya wayi 1 ga Yuni wani abu ya fashe, St Fagan ya nutse, Doris da Lady Rosebery suka bi shi. Pudge ta tsira, ta tsamo waɗanda suka rage a ruwa, wani jirgin ja, Tanga, ya maido ta Ramsgate. To me ya fashe? Wasu sun rubuta nakiya ce, wasu sun ce bam ne daga sama. In ka ci karo da irin wannan, rubuta duka biyun da wanda ya faɗi kowanne, da ranar da ya faɗa. Ni nakan fifita rahoton da aka rubuta a makon da abin ya faru a kan hirar da aka yi da tsoho bayan shekara arba'in, amma ba na jefar da hirar, don ita ce ke gaya maka wanda ke riƙe da akalar jirgin.

Allon tagulla mai rubutun Dunkirk 1940 da za ka gani a jikin jirgi shaida ce mai kyau, sai dai ka tabbatar da ita a jerin ƙungiyar Association of Dunkirk Little Ships, sannan ka duba rajistar National Historic Ships UK ka ga ko jirgin na raye. Pudge tana nan a Maldon, hannun Thames Sailing Barge Trust, kuma in ka rubuta musu, sa lambar jirgin a layin farko.