Babi na Shida: Liƙe Ƙananan Kayan Tagulla da Dalma

Darasi na Farko: Gogewa

Kafin ku kunna wuta, ku ɗauki guntayen tagulla biyun da kuke son haɗawa, ku dube su a wuri mai haske. Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, kuma iska tana sa bayanta ya yi dauɗa mai duhu ko da ido bai gan ta ba. Dalma ba ta kama wuri mai dauɗa. Saboda haka ku ɗauki sanfefa mai laushi, wato takardar nan mai yashi a jikinta, ku goge daidai inda guntayen za su haɗu har sai ya yi ƙyalli. Ku goge duka biyun. Idan kun gama, kada ku taɓa wurin da yatsa, domin maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana dalma kamawa. Wanda ya taɓa bisa kuskure kada ya damu, ya sake gogewa kawai, hannu yana sabawa a hankali.

Daga nan ku haɗa guntayen ba tare da dalma ba, ku ɗaga su wajen haske. Idan haske yana ratsawa ta tsakaninsu, giɓin ya yi yawa, sai ku daidaita da zarto mai laushi, wato magagari, har su kwanta a kan juna. Dalma tana bin siririn giɓi da kanta kamar yadda kananzir ke bin lagwani, kuma irin wannan haɗi shi ne mai ƙarfi, shi ne kuma ba ya nunawa. Bayan zarto, ku sake gogewa.

Na sha ganin ɗalibi ya tsallake wannan mataki don gaggawa, dalma ta dunƙule ta gangara, shi kuma ya yi ta ƙara wuta yana cewa dalmar ce ba ta da kyau. Dalmar lafiyarta ƙalau, bai goge ba ne. Ku manya ne, bai kamata a ce sai an tsaya a kanku ana maimaita magana ɗaya ba. Wanda bai goge ba kada ya kunna wuta.

Darasi na Biyu: Sinadari da Zafi

Ku shafa sinadarin liƙi kaɗan a inda kuka goge, shi ne yake hana dauɗar dawowa idan ƙarfe ya yi zafi. Ku matse guntayen da siririyar waya don kada su motsa. Ku yanki dalma ƙanƙanuwa ku ajiye ta ta ciki, wato ɓangaren da ba za a gani ba. Dalmar da aka haɗa da kuza kashi 60 cikin 100 tana narkewa wajen digiri 190 a ma'aunin Salshiyas, alhali tagulla sai ta kai wajen 900, don haka ba a bukatar wuta mai yawa. Tagullar za ku gasa, zafinta ne zai narkar da dalmar ya ja ta cikin giɓin. Da kun ga siririn layi mai ƙyalli ya zagaye haɗin, ku janye wuta, ku bar shi ya huce ba tare da motsi ba. Idan dalmar ta dunƙule, ku jira ya huce ku koma ga sanfefa. Ku yi aikin a inda iska ke shiga, kuma ku wanke hannu kafin cin abinci, domin dalma guba ce.

Darasi na Uku: Ɓoye Haɗi

Zanen fensir a gefen haɗi yana hana dalma malala zuwa inda ba a so. Wadda ta fito waje a kankare ta da zarto, sannan a wanke ragowar sinadarin da ruwan ɗumi don kada ya ci ƙarfen.

Darasi na Huɗu: Haɗi Biyu a Kusa

Ku naɗe haɗin farko da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin ku gasa na biyu.